Ƙuri'a a bakin iyaka: Yadda jam'iyya mai mulki ke rasa mutanenta a Bagudo da Kebbi

A zaɓen shugaban ƙasa na 2019, jam'iyyar APC ta samu ƙuri'a 581,552 a Jihar Kebbi. Da aka koma rumfa ranar 25 ga Fabrairun 2023, da ƙuri'a 248,088 ta tashi. Atiku Abubakar na PDP ne ya cinye jihar da ƙuri'a 285,175.

Abin bai tsaya nan ba. Kujerun sanata uku na jihar duk PDP ta kwashe su. Gwamna mai ci a lokacin, Abubakar Atiku Bagudu, wanda kuma shi ne shugaban ƙungiyar gwamnonin APC na ƙasa, ya nemi kujerar sanatan Kebbi ta Tsakiya, ya sha kaye a hannun Adamu Aliero.

Wannan kuwa jiha ce da gwamnatin Muhammadu Buhari ke tinƙaho da ita. A Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Anchor Borrowers a Nuwambar 2015. Daga nan aka fito da shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwa da Legas a ƙarshen 2016. Ministan shari'a na tsawon shekara takwas, Abubakar Malami, ɗan jihar ne. A takarda, babu jihar da ta fi Kebbi dalilin riƙe tsintsiya.

Mai son ya gane yadda aka yi mutane da yawa suka sake ta, zai fi samun amsa idan ya bar Birnin Kebbi ya nufi kudu maso yamma, zuwa Ƙaramar Hukumar Bagudo.

Inda umarnin Abuja ke sauka a tukunya

Bagudo na cikin Masarautar Gwandu, kuma a siyasance tana mazaɓar sanatan Kebbi ta Arewa tare da Suru da Dandi da Arewa da Argungu da Augie. Kogin Kwara ya ratsa ta. Idan aka haye shi, ga Ka'oje, ga Illo, ga Lolo da Tsamiya da Maje a bakin iyakar Jamhuriyar Benin. Daga Tsamiya hanya ta miƙe zuwa Segbana. Daga Lolo kuma ba a yi nisa ba an kama hanyar Malanbil, babbar kasuwar arewacin Benin, wadda ke fuskantar garin Gaya na Nijar.

Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da sauransu ne ke zaune a nan, kuma irin waɗannan ƙabilu ne a tsallake. Akwai auratayya, akwai gonaki da makiyaya da ke ƙetara layin da Turawan Ingila da na Faransa suka shata, akwai kasuwannin mako da ake ci tare. Mutumin Lolo ba ya kallon zuwa Benin a matsayin tafiya ƙasar waje.

Saboda haka duk wata doka da aka yanke a Abuja kan iyaka, a nan take fara sauka, kuma cikin tukunyar miya take sauka.

Ranar 20 ga Agustan 2019, wata shida kacal bayan Kebbi ta ba Buhari ƙuri'a sama da rabin miliyan, gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. Hujjarta ita ce fasa-ƙwaurin shinkafa 'yar waje da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano a lallaɓo da ita Najeriya, da man fetur mai tallafi da ake fitarwa, da makamai.

Hujjar ba ƙarya ba ce. Benin na cikin ƙasashen da suka fi sayo shinkafa daga Asiya a lokacin, alhali yawan jama'arta bai isa cinye ta ba, kuma kowa ya san inda buhunan ke ƙarewa. Manomin shinkafa na fadamar Kebbi ya ga amfanin rufewar: shanshera ta yi daraja, manyan injinan casa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu suna neman kaya.

Sai dai ba kowa ne manomin shinkafa ba, kuma manomin ma ba shinkafa kaɗai yake ci ba.

A garin iyaka, sana'o'i da yawa a kan zirga-zirga suke rataye. Akwai ɗan kabu-kabu da ɗan dako da mai fito da kwale-kwale, akwai ɗan canji, da mai tuwo-tuwo a tasha, da dillalin shanu, da mai kai albasa ko barkono ya dawo da manja. Yawancinsu ba manyan 'yan sumoga ba ne. Da aka ja ƙofa, su ne suka fara zaman kashe wando. Masu ƙarfin kuwa sun san hanyoyin daji, kuma sun san yadda ake magana a shingen bincike. Abin da ya sauya musu shi ne kuɗin hanya ya ƙaru, su kuma suka ɗora shi a kan mai saye.

A Nuwambar 2019 Hukumar Kwastan, ƙarƙashin Kanar Hameed Ali mai ritaya, ta ƙara da wani umarni: kada a kai fetur ga duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A ofis, wannan dabara ce ta toshe wa masu fitar da mai hanya. A ƙasa, ma'anarta ita ce garuruwa sukutum sun wayi gari babu inda za su sayi mai a halastaccen farashi.

A nan ne dokar ta sari wanda aka ce dominsa aka yi ta. Noman rani a fadamar Kwara da ƙaramin injin ban ruwa ake yinsa, shi kuwa injin fetur yake sha. Manomin da aka rufe iyaka don shinkafarsa ta yi kasuwa, shi ne ya koma sayen mai a jarka wajen 'yan bumburutu, ko ya yi doguwar tafiya a babur ya sayo, a hanya kuma a tsare shi a tambaye shi ina zai kai. Mai injin niƙa da mai cajin waya da ƙaramin asibitin da ke dogara da janareto duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Damina ta 2020 ta zo da nata. Ambaliya ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi, kuma Bagudo da ke kwance a gaɓar kogi na cikin wuraren da abin ya taɓa. Waɗanda suka karɓi bashin noma suka rasa amfanin da za su biya da shi.

An buɗe iyakoki huɗu a Disambar 2020: Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Babu ta Kebbi a ciki. Sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta Kamba tare da Jibiya da Idiroko da Ikom. Kamba kuwa Nijar take kallo. Mutanen da ke fuskantar Benin suka ci gaba da jira.

Gwamnati ba ta tura kowa Lolo ko Tsamiya don ya cuci talaka ba. Amma mai zaɓe ba niyya yake aunawa ba. Abin da ya gani shi ne ya dangwala wa tsintsiya a Fabrairu, a Agusta an rufe masa hanyar abinci, kuma wakilan da ya zaɓa 'yan jam'iyya ɗaya ne da wanda ya rufe, don haka ba su da bakin yin ƙara mai ƙarfi. Wannan na cikin tsadar zama jam'iyyar da ta mamaye ko'ina: idan abu ya ɓaci, babu wani da za a nuna wa yatsa.

Layin banki a jajiberin zaɓe

A Oktoban 2022 gwamnan Babban Bankin Najeriya, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsoffin kuɗi suka shiga banki, sababbi ba su fito yadda za su wadata ba.

A birni an sha wuya. A ƙauyen da babu reshen banki, sabis ɗin waya kuma sai an nemi tudu, abin ya fi gaban wuya. Kasuwar mako da tsabar kuɗi take ci. Bafulatanin da ya kawo sa, da matar da ta kawo ƙwaryar nono, ba su da asusun da za a yi musu tiransifa. Masu POS suka tsuga kuɗin cirewa. Daga garuruwan iyaka na Arewa an yi ta samun rahoton mutane sun koma ciniki da sefa.

Ko a cikin APC abin bai yi daɗi ba. Gwamnonin Kaduna da Kogi da Zamfara, dukkansu 'yan jam'iyyar, suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli. Kotun ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsoffin kuɗi su ci gaba da aiki. Amma an riga an yi zaɓen shugaban ƙasa da na 'yan majalisa kwana shida kafin nan.

Hauhawar farashi a Janairun wannan shekarar ta haura kashi 21 cikin ɗari. A kudancin jihar kuma, wasu daga cikin 'yan matan Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri da aka sace tun 17 ga Yunin 2021 suna hannun 'yan bindiga har ranar zaɓen. Da wannan zuciyar mutane suka fita rumfa, waɗanda suka fita ke nan.

Ƙuri'un da ba su je ko'ina ba

Idan aka sake duba alƙaluman, akwai wani abu da ba a cika magana a kai ba. APC ta yi asarar ƙuri'a sama da 333,000 tsakanin 2019 da 2023. PDP kuwa daga 154,282 ta tashi zuwa 285,175, wato ƙarin kusan 131,000. Abin da jam'iyyun LP da NNPP suka samu a jihar, a haɗe, bai kai 20,000 ba.

Ina sauran? Kusan ƙuri'a dubu ɗari biyu ba su koma wa kowa ba.

Wani ɓangare na wannan na'urar BVAS ce. A 2023 aka fara amfani da ita a babban zaɓe, tana tantance mutum da yatsa ko fuska, ta kuma rage damar cika akwati da sunayen waɗanda ba su zo ba. A faɗin ƙasa ma fitowar masu zaɓe ta faɗi zuwa kusan kashi 27 cikin ɗari, mafi ƙaranci tun 1999.

Amma wani ɓangaren mutane ne na gaske da suka zauna a gida. Wanda ya yi shekara da shekaru yana tsayuwa a rana don Buhari, yana rakiyar ƙuri'a har wurin tattara sakamako saboda an ce a kasa, a tsare, a raka, da wuya ya tashi rana ɗaya ya dangwala wa lema. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya tafi gonarsa. Jam'iyyar da ta daɗe a mulki sau da yawa ta wannan hanyar take zubewa: magoya bayanta ba sa yin faɗa da ita, daina fitowa kawai suke yi.

Akwai kuma gaskiyar da 'yan APC ba su cika son ji ba. Ƙuri'un 2015 da 2019 na Buhari ne kafin su zama na jam'iyya. Ko a 2011, yana CPC, gwamnan jihar Sa'idu Dakingari yana PDP, Buhari ne ya ci Kebbi. A 2015 ya samu 567,883, Goodluck Jonathan ya samu 100,972, guguwar “sak” ta kwashi 'yan takara da yawa da ko a unguwarsu ba a san su ba. A 2023 ba ya kan takarda. Ɗan takarar APC mutumin Legas ne, na PDP kuma ɗan Arewa, kuma ba za a ce wannan bai yi tasiri ba. Mutane suka koma zaɓen wake da shinkafa, kowace kujera da nata lissafin.

Sai bango ya tsage

Fushin talaka shi kaɗai bai cika kayar da jam'iyya mai mulki ba. Yana buƙatar motar da zai hau, kuma a Kebbi manyan APC ne da kansu suka kawo motar.

Tun a zaɓen shugabannin jam'iyya na jiha aka rabu gida biyu, ɓangaren gwamna da ɓangaren Sanata Adamu Aliero. Da aka zo fitar da 'yan takara a 2022, Bagudu ya nemi kujerar da Aliero ke kai. Sanata Yahaya Abdullahi na Kebbi ta Arewa, wanda shi ne shugaban masu rinjaye a Majalisar Dattawa, ya so takarar gwamna bai samu ba. A Yunin 2022 su biyun suka sauya sheƙa zuwa PDP, Yahaya Abdullahi ya ajiye muƙaminsa na majalisa.

Ba su tafi su kaɗai ba. Sanata idan zai fita, da shugabannin mazaɓa yake fita, da wakilan akwati, da matan da ke shiga gida-gida, da masu sanin wane ne ke da faɗa a ji a kowace unguwa. PDP da ta yi shekara takwas tana lallaɓawa ta wayi gari da injin da ba ita ta ƙera ba. A Kebbi ta Arewa, mazaɓar da Bagudo ke ciki, Yahaya Abdullahi ya koma kujerarsa a ƙarƙashin lema. A Kudu, Garba Musa Maidoki ya kayar da Bala Ibn Na'Allah.

Wani abin dariya a tarihin: a 2011 ma Bagudu da Aliero ne suka kara a kan wannan kujera ta Kebbi ta Tsakiya. A lokacin Bagudu ne ɗan PDP, Aliero yana CPC, kuma Bagudu ne ya yi nasara. Bayan shekara 12 suka sake haɗuwa, kowa ya sauya riga, sakamakon ma ya juye.

Haka PDP ta faɗi a ƙasa baki ɗaya a 2015. Jam'iyyar da wani shugabanta, Vincent Ogbulafor, ya taɓa cika bakin cewa za ta yi shekara 60 tana mulki, shekara 16 ta yi. Boko Haram da sace 'yan matan Chibok a Afrilun 2014 sun ɓata mata suna, amma ƙafarta ta fara karyewa ne tun Nuwambar 2013, da gwamnoninta biyar suka fice, ciki har da Rabi'u Kwankwaso na Kano da Aliyu Wamakko na Sakkwato. A Kebbi, Bagudu da kansa sanatan PDP ne kafin ya tsallaka APC ya ci gwamna.

Jam'iyya idan ta daɗe, masu neman kujera sun fi kujerun yawa. Sai a fara ɗauki-ɗora. Wanda aka hana kuma ko dai ya fita, ko ya zauna yana zagon ƙasa.

Abin da ya faru a tsallake

Dattawan Illo da Lolo sun ga irin wannan a maƙwabta tun kafin a gan shi a Najeriya. Matiyu Kereku ya karɓi mulkin Benin da juyin mulki a Oktoban 1972, ya kafa tsarin jam'iyya ɗaya. Zuwa 1989 bankunan gwamnati sun durƙushe, ma'aikata da malamai sun yi watanni babu albashi, yajin aiki ya game ƙasa. Dole ta sa ya kira babban taron ƙasa a Fabrairun 1990. A zaɓen Maris 1991, Nisefo Soglo ya kayar da shi da kusan kashi biyu cikin uku na ƙuri'u, shi kuma ya sauka.

Abu biyu ne abin lura. Arewacin Benin, yankin da Kereku ya fito, shi ya zaɓa duk da wahalar da aka sha. Sannan bayan shekara biyar, a 1996, 'yan ƙasar suka dawo da shi ta akwati, bayan an karya darajar sefa a 1994 kuma rayuwa ta yi tsada a hannun Soglo. Mai zaɓe ba rantsuwa ya yi da Alƙur'ani cewa ya rabu da kowa har abada ba.

A wasu wurare ma an ga haka. A Senegal jam'iyyar da ta yi shekara 40 tana mulki ta faɗi a 2000. A Botswana wadda ta yi shekara 58 ta faɗi a Oktoban 2024, lokacin da kasuwar lu'ulu'u ta yi sanyi, matasa kuma ba su da aiki.

Abin da ya riƙe kujerar gwamna

Duk da wannan, APC ba ta rasa Kebbi gaba ɗaya ba. A zaɓen gwamna na 18 ga Maris, hukumar INEC ta ce bai kammalu ba, aka ƙarasa ranar 15 ga Afrilu. Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa NUT, ya kayar da Manjo Janar Aminu Bande mai ritaya na PDP da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 50,000 ba.

Mako uku ne tsakanin zaɓen farko da na gwamna, amma lissafi ya sauya. An riga an bayyana Bola Tinubu a matsayin shugaban ƙasa, kuma akwai masu tsoron a bar jihar a adawa. Ɗan takarar ya fito daga cikin malamai da ma'aikata, waɗanda ke da ƙafa a kowane ƙauye. Gwamnati mai ci kuma ta farka. Ita ke da shugabannin ƙananan hukumomi, ita masu sarauta ke kallon fuskarta, kuma ita ta fi ƙarfin taliya da atamfa da sabulu.

Ana yawan zagin talaka a kan taliya, kuma zagin ya yi yawa. Taliya na aiki ne idan tazara ba ta da yawa, ko idan mutum bai ga bambanci tsakanin 'yan takara ba. A ranar 25 ga Fabrairu ma an raba kaya, amma gwamna mai ci ya faɗi.

Daga 2023 zuwa yau

Matsalolin da suka fusata mutanen iyaka ba su tafi ba, wasu ma sun sake kama.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, zuwa ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Manomin rani ya fi kowa sanin wannan lissafi, domin injinsa kullum sai ya sha.

Aka kuma saki naira ta nemi farashinta. A 2014 jakar sefa ɗaya ba ta kai naira 400 ba. A 2024 ta haura 2,000. Ɗan kasuwar Bagudo da a da yake shiga Malanbil da ƙarfin aljihu, yanzu shi ne ake yi wa ciniki. Hatsi da dabbobi suka riƙa sulalewa tsallake saboda can kuɗin ya fi auki, farashi a gida ya bi su.

Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya jawo takunkumin ECOWAS, aka sake rufe iyakar Kamba, aka yanke wutar da ke bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta ci gaba da rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, kasuwancin kusurwar ƙasashen uku ya rikice.

Manoman shinkafa ma, waɗanda su ne suka ci ribar rufe iyaka, sun shiga kuka. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan shigo da wasu kayan abinci, har da shinkafa da masara. Mai saye a birni ya ɗan samu sauƙi a 2025. Manomin da ya sayi taki da mai da tsada kuwa ya kai shanshera kasuwa ya tarar farashi ya karye.

Sai kuma tsaro, wanda a da mutanen wannan yanki ke jin labarinsa daga Zamfara ko Zuru. A Nuwambar 2024 Lakurawa suka kashe mutum fiye da goma a garin Mera na Ƙaramar Hukumar Augie. A tsallake, jihar Alibori ta Benin, wadda Segbana da Malanbil ke cikinta, ta zama filin daga: a Afrilun 2025 gwamnatin ƙasar ta tabbatar da kashe sojojinta 54 a hare-haren da aka kai yankin gandun dajin W. A ƙarshen Oktoban 2025 'yan bindiga suka shiga garin Bagudo suka ɗauke Mataimakin Kakakin Majalisar Dokokin Jihar Kebbi, ɗan majalisar yankin, aka sako shi bayan kwanaki. Idan mai wannan muƙami bai tsira a garinsu ba, mai noma a bakin daji ya san matsayinsa.

Gwamnati na da abin nunawa ita ma. Kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru sosai bayan cire tallafi, kuma ana ganin ayyukan tituna a Birnin Kebbi. Bagudu, wanda masu zaɓe suka hana kujerar sanata, shi ne aka naɗa ministan kasafi da tsare-tsaren tattalin arziki a Agustan 2023. Zuwa 2027 APC za ta cika shekara 12 a Abuja da Birnin Kebbi.

Abin da ya sauya shi ne motar. A Mayun 2025 sanatocin nan uku, Aliero da Yahaya Abdullahi da Maidoki, suka gana da Tinubu, suka koma APC. Mutumin Ka'oje ko Illo da ya dangwala wa lema a 2023 don ya nuna fushinsa, ya wayi gari ƙuri'arsa ta koma inda ya gudo, ba tare da an tambaye shi ba. Aliero kaɗai, daga 1999 zuwa yau, ya zauna a ANPP da PDP da CPC da APC, ya koma PDP, ya sake dawowa APC.

A ɗaya ɓangaren, Malami ya fice daga APC a Yulin 2025 ya shiga ADC, jam'iyyar haɗakar 'yan adawa. Sai dai shi ma yana cikin majalisar ministocin da aka rufe iyaka aka kuma sauya kuɗi a zamaninta, kuma abokan hamayyarsa ba za su bari a manta ba.

Benin ta gwada abin da ke faruwa idan aka tattara kowa a inuwa ɗaya. A zaɓen 'yan majalisa na Afrilun 2019, jam'iyyu biyu kawai aka bari suka shiga, dukkansu masu goyon bayan Shugaba Patrice Talon. Sun cinye duk kujerun. Waɗanda suka fita zaɓen ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba, a ƙasar da a baya fiye da rabin masu rajista ke fitowa.

A Kebbi ba doka ce ta rage 'yan adawa ba, sauya sheƙa ce. Amma tambayar da ke gaban shugabannin mazaɓu na APC a Bagudo da Suru da Dandi ita ce ta 2023: mutanen da ke cikin rajista suna nan, katinsu na cikin aljihu, wa zai shawo kansu su bar injin ban ruwa ko kasuwar ranar su zo su tsaya a layi? Sanatocin da suka dawo, su da waɗanda suka kayar a 2023 sun zama 'yan jam'iyya ɗaya a 2025, kuma kujerun sanata har gobe uku ne.